Wutar Jego a Hawa na Uku

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata kamar ba a yi su ba, amma wutar jegon da muka hura a falonmu na unguwar Safa, shekarar da 'yata ta fari ta haihu, ba na jin za ta fita daga zuciyata har in koma ga Mahaliccina. Duk wanda na soma ba labarin, dariya yake fara yi. Wuta a Jidda? Garin da ko lokacin sanyi wasu ba sa kashe na'urar sanyaya ɗaki? To, haka aka yi, kuma a hawa na uku.

Mun daɗe a Jidda. Maigidana direba ne a wani gida da ke Abhur, can bakin teku, kuma yaranmu duk a nan aka haife su. Babbar ta tashi da Larabci a bakinta. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar da magana sai ta ɗauko da Hausa ta sauke da Larabci. Inna kuwa, mahaifiyata, tana ƙauyenmu a ƙasar Damagaram, rabonta da jikar nan tun tana goye a bayana. Da cikin yarinyar ya tsufa, maigidana Malam ya yi ta kai da kawowa, kafilinsa, wato ubangidan da yake wa aiki, ya taimaka, har aka samo wa Inna takardar ziyara. Burina ɗaya ne a duniya a lokacin: uwata da 'yata su yi kwana arba'in ɗin jego a ƙarƙashin rufi guda, su san juna. Inna ta tsufa. Ban faɗa wa kowa ba, amma na san zuwan nan ba lalle a sake irinsa ba.

Ranar da ta iso, ko hutawa ba ta gama yi ba ta tashi tana zaga gidan da sandarta. Ta leƙa kicin, ta leƙa bayi, ta fita baranda ta dubi ƙasa ta ja da baya da sauri. Sannan ta dawo ta zauna, ta ce, "To, ina za a hura wutar?"

'Yata ta ce, "Sitti, wace wuta? Akwai ruwan zafi a famfo, halas." Sitti take kiranta, yadda 'ya'yan Jidda ke kiran kaka; halas kuwa "shi ke nan" ne a bakinsu.

Inna ta dube ta sama da ƙasa. "Ruwan da bai ga wuta ba shi ne ruwan zafi? Ke 'yar Larabawa, mai jego ɗanya ce. Sai an yi mata wanka, an kwantar da ita jikin wuta ta gasu, in ba haka ba sanyi ya shige ta har tsufa."

Ni nawa jegon a unguwar Ammariyya na yi shi, a tsohon gida mai fili a sama, matan unguwa suka riƙa hura mini gawayi a kan rufi. A Safa kuwa mai gidan da muke haya ko warin gawayi ya ji a matakala sai ya aiko mai gadi. Na yi wa Inna bayani a hankali. Ta saurara har na gama, ta ce in ba wuta ba jego, in kuwa ba jego to ita ba ta ga abin da ta zo yi ba, ta yi umararta a mayar da ita gida. 'Yata ita ma ta ce in gasa ta za a yi kamar kaza, daga asibiti gidan mijinta za ta wuce. Na tsaya tsakaninsu da faranti a hannu, na rasa wadda zan fara lallashi.

Malam kuwa a gaban surukarsa ko tari ba ya yi da ƙarfi. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da la'asar, shi da mutum biyu, suna nishi a matakala da wani baƙin akwatin ƙarfe. Murhun jin ɗumi ne mai aiki da gas, irin wanda ba a yi masa bututun fitar da hayaƙi. Matar kafilinsa ce ta sa aka girka shi a falonsu don ado, ba a cika kunna shi ba, da ta sake tsarin gida ta ce a fitar. A cikinsa akwai itatuwa jere kamar an ɗebo su daga daji. Inna ta matso, ta ƙwanƙwasa ɗaya da farce, ta ji ya yi ƙara.

"Wannan ai yumɓu ne," in ji ta. "An mayar da tukunya itace."

Malam yana tsugune, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, shi ba ya cinyewa. Kullum yana nan."

Ta ce, "A kunna mu gani." Wannan a bakin Inna rabin yarda ne.

Malam mutum ne mai zafin nama. A take ya so ya ciro robar gas ta kicin ya haɗa, har ya fara zancen zai sa kafinta ya yi wa murhun kewayen katako mai fentin ruwan zinari kamar yadda ya gani a Abhur. Na jira muka keɓe, na ce, "Malam, na san hannunka a kan mota. Amma wannan gas ne, kuma jinjiri za a kawo gidan." Ya ɗan ɓata rai, ya ce ni komai sai na sa tsoro. Washegari shi da kansa ya je Ammariyya ya ɗauko wani Bahaushen Sudan da ke haɗa wa gidajen abinci gas, wanda kowa ke kira Usta.

Usta dogo ne, ba ya gaggawa. Kafin ya taɓa murhun sai da ya zaga ɗakunan yana awo. Inna na biye da shi, ta kai shi ɗakin da muka gyara wa mai jego, ta nuna ƙarƙashin gado da sanda, ta ce nan za a sa. Ya zaci wasa take. Da ya ga ba wasa ba ne sai ya dafe kai.

"Ya Hajja, gadon da kika sani na ƙasa ne. Wannan katako ne da soso. Kina so ki gasa mai jego ko ki dafa ta?"

"Kai ɗan nan, an haife ka a Hausa kuwa?"

"A bakin Nilu aka haife ni, amma kakata ta gasa uwata, ta ba ni labari."

Wannan ya sa ta ɗan sassauta. Ya yi mana bayani yadda ko ni da na koyi karatu da girma na gane. Tunda murhun ba shi da hanyar fitar da hayaƙi, duk abin da ya fitar a cikin ɗaki yake zama, kuma iskar da muke shaƙa ita yake ci. Don haka ɗakin kwana ya yi masa kaɗan, sai falo, wanda ya fi kowane ɗaki girma. Aka je aka nemi izinin mai gida, aka huda bango. Tukunyar gas ya ajiye ta a baranda, a inuwa, ya jawo siririn bututun jan ƙarfe ya shigo da shi, ya sa makunni a inda hannuna zai kai ba sai na sunkuya ba. Da ya gama ɗaurawa ya ce in kaɗa masa sabulu a ruwa. Ya riƙa shafa kumfar a kowace mahaɗa yana kallo. A ta kusa da bango kumfar ta soma kumbura tana fashewa. Ya rufe gas, ya kwance, ya sake ɗaurewa, ya sake shafawa har ta kwanta lum. Ni dai na dubi Malam, shi kuma ya dubi silin.

Sai aka zo kan ado. Usta ya ce katako ba zai matso kusa da bakin wutar ba. Malam ya koma Abhur ya roƙo ragowar marmara da aka cire daga gyaran gidan, fari da ruwan toka, ba ma iri ɗaya ba. Usta ya shimfiɗa shi a gaban murhun, ya manna sauran a bango kewaye da shi. Aka naɗe kafet aka ja shi baya, aka cire labulen da ke gefen, wanda na fi so a duk gidan. Katakon Malam mai ruwan zinari dai an yi shi, amma can sama aka kafa shi, inda zafi ba ya kai, ya zama wurin ajiye agogo. Har yau in an tuna yakan ce an zalunci katakonsa.

Da aka kunna, wuta ta taso shuɗiya daga ƙasa, ta koma ruwan ɗorawa tana lasar itatuwan yumɓun nan. Inna ta miƙa tafukanta, ta juya bayansu, na ga fuskarta ta saki. Sai ta aiki ƙaramar 'yata ta ɗauko turaren wuta da naman da za a gasa wa mai jego.

Usta ya ce, "La, a'a, ya Hajja. Ba a zuba mata turare, ba a ɗora buta, ba a gasa nama. Ko itacen nan kada a gusar da ɗaya daga inda yake."

"To wutar mece ce wannan? Ta kallo?"

"Ta ɗumi."

"Wutar masu kuɗi," in ji Inna. "Ba ta aiki, sai a zauna a yi mata fadanci."

Ya sa muka bar ta tana ci ranar nan da tagogi duka a buɗe, don warin ƙura da sabon fenti ya fita tun jinjiri bai zo ba. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini kada a kwana da ita, kada ta daɗe tana ci, kuma kullum a bar taga a buɗe kamar faɗin tafin hannu. Ya ce akwai wani ɗan ƙarfe a jikinta da ke yanke gas da kansa in iskar ɗaki ta yi ƙaranci, amma kada mu dogara da shi.

Allah ya sauke yarinyar lafiya, aka sami namiji. Ta yarda ta zo gida, amma ta ce gwaji ne, in ba ta ji daɗi ba bayan suna za ta tafi. Kwanakin farko sai hamdala. Da safe Inna ta yi mata wanka, a shimfiɗa mata katifa nesa kaɗan da marmaran, ta kwanta ta ba wutar baya. Jinjirin muna barinsa a ɗaki in wutar na ci. Har na ji ta tana gaya wa mijinta a waya cewa bayanta ya daina ciwo, da Larabci, don kada Inna ta ji ta yi mata dariya.

Ana saura kwana biyu suna, gari ya juya. Aka yi yayyafi, iska mai sanyi ta taso daga teku. Bayan azahar matan unguwarmu ta da suka zo barka daga Ammariyya, mota biyu, falo ya cika. Ina kicin ina dama kunu da soya abin da za a ba baƙi. Ashe Inna ta ga gefen mayafin mai jego yana motsi. A wurinta babu abin da ke kashe mai jego kamar iska. Ta tashi ta rufe tagar nan ruf, ta rufe ƙofar baranda da ta shiga cikin gida, ta bi ƙasan ƙofofin da tsummoki ta cusa, har ramukan na'urar sanyaya ɗaki ta toshe da tawul. Matan suka taya ta, don su ma haka suka sani. Wata ta kunna turare a kasko.

Da na shigo da faranti, abin da na fara gani gilashin taga ne yana zufa, ruwa na gangarowa. Wutar ta mutu. Suka ce ta mutu ɗazu an kira Malam ya kunna, ga shi ta sake mutuwa, ya fita yana cewa an ba shi kayan banza. Iskar ɗakin ta yi nauyi kamar an rufa wa mutum bargo a fuska. 'Yata na zaune ta riƙe kai da hannu biyu.

"Mama, kaina zai fashe," in ji ta. "Halas, na gaji. Na kira mijina ya zo ya ɗauke ni."

Ban tsaya magana ba. Na rufe makunnin gas, na buɗe ƙofar baranda, na kama ta na kai ta ɗakin da jinjirin yake, inda taga ke buɗe, na ba ta ruwa. Baƙin suka ga yanayi ya sauya, suka yi sallama ɗaya bayan ɗaya. Ina jin 'yata tana jan akwati daga ƙarƙashin gado. Inna kuwa ta juya wa ɗakin baya, ta zauna tana fuskantar bango da carbi a hannu. Ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Kin buɗe mata iska a gaban mutane. Ni ma a nemo mini jirgi."

Maganar tana bakina. In na ce Inna ke kika jawo, gaskiya na faɗa. Amma na san uwata. Na ɗauko kunun da na dama na ajiye kusa da ita, na zauna a ƙasa, na jira har numfashinta ya daidaita. Sannan na ce, "Inna, ɗakin da kika yi jego da kika haife ni, yaya yake ne? Na manta shi."

Ta yi kamar ba za ta amsa ba. Amma Inna ba ta iya jin an tambayi ɗakin nan ta yi shiru. Ta ce ɗakin laka ne mai jinka, babana ya yi shi da hannunsa shekarar da aka yi gero da yawa. Gadon ƙasa ne a gefen gabas, da rami a ƙarƙashi inda ake tura itace. Ƙofar asabari ce. Tsakanin katanga da jinka akwai tazara, har 'yan tsuntsaye ke shigowa su fita. "Da safe in ka tsaya a tsakar gida," in ji ta, ta soma juyowa, "sai ka ga ɗakin duka yana tururi ta cikin ciyawa kamar madambaci."

Na ce, "Ashe hayaƙin ta sama yake fita."

"Ta ina ba ya fita? Ɗakin ai duk..."

Sai ta tsaya. Ta dubi bangon siminti, ta dubi silin, ta dubi gilashin da ke zufa har yanzu. Carbin ya tsaya a hannunta. Can ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, akwai matar wani falke da mijinta ya fara gina ɗakin siminti da kwano a garinmu. Ta haihu da sanyi, aka sa mata gawayi aka rufe ƙofar katako. Da ƙyar aka jawo ta waje a sume, aka yi ta yayyafa mata ruwa. "Muka ce iskokai ne," in ji Inna. "Shekara da shekaru muna cewa iskokai ne."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya tana zare tsummokin da ta cusa, ta fizge tawul ɗin. Ta je taga ta tura ta, ta sa tafin hannunta ta auna, ta ƙara turawa kaɗan.

Ashe 'yata na tsaye a bakin ƙofa da jinjiri a kafaɗa, ta ji komai. Ta daɗe tana kallon kakarta. Sai ta ce, da Hausa tun daga farko har ƙarshe, "Sitti, ke ma an gasa ki?"

"Ni? Sau tara! Shi ya sa kika ga har yau ina hawa benenku ba a ɗauke ni ba."

'Yata ta tuntsire da dariya har jinjirin ya farka. Ta zo ta zauna kusa da ita ta ce to wa ya gasa ta, da wane itace, kuma da gaske ne tsuntsaye na shiga ɗaki? Ana cikin haka aka buga ƙofa, mijinta ne, da makullin mota a hannu, ya hawo da gudu. Ta dube shi ta ce, "Yalla, maza koma. Ba yau ba." Inna ta ce masa ya zo ɗaukar kayan da ba su gama gasuwa ba, ya dawo in sun nuna. Yaron ya tsaya yana murmushi, bai san me ya faru ba, sai da Malam ya ja shi waje. Da iskar falon ta sake, muka kunna wutar, ta kama, ba ta ƙara mutuwa ba. Malam ya ce shi dama ya san kayan gidan kafilinsa ba sa lalacewa.

Daga ranar Inna ta naɗa kanta sarauniyar taga. Duk baƙuwar da ta kai hannu za ta rufe, sai ta ji sanda ta taɓa ta. Ita ke cewa a kunna, ita ke cewa ya isa a kashe. Da hantsi da bayan la'asar za ka same su su biyu a gefen marmaran nan, tsohuwa na ba da labarin garin da yarinyar ba ta sani ba, yarinyar na tambaya, in kalma ta ɓace mata Inna ta miƙa mata. Ni ina kicin ina jin dariyarsu, wani lokaci sai in bar abin da nake yi in tsaya kawai ina saurare. Ba a yi maganar akwati ko jirgi ba kuma. Ranar arba'in da mijin ya zo da gaske, 'yata ce ta rungume Inna tana kuka, Inna na ture ta tana cewa ta tafi ta ba mutane wuri, alhali nata idon ya cika.

Na koyi cewa kayan zamani in sun shigo gida, a kira wanda ya san su, a kuma bi abin da ya ce ko da ya hana ka labulen da kake so. Amma babban abin da na koya a kan tsofaffi ne. Da na gaya wa Inna ta yi kuskure, da na yi gaskiya, da kuma na raka ta filin jirgi a makon nan, 'yata ta koma gidanta ba su san juna ba. Tsoho ya ga abin da ba ka gani ba, sau da yawa amsar da kake so ka cusa masa tana cikinsa tun kafin a haife ka. Ka zauna a ƙasa, ka tambaye shi abin da ya sani, ka yi haƙuri. Da bakinsa zai faɗa, da hannunsa zai gyara.